Tsohon Firam Mai Rangwame ko Sabon Yayi? Jagora ga Mai Sayen Keke a Ɗambatta

Tun daga 29 ga Mayun 2023 da aka ba da sanarwar cire tallafin man fetur, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, keke ya dawo da martabarsa a ƙasar Ɗambatta. Babura da yawa sun koma zaure an jingine. Malamin firamare mai zuwa Fagwalawa ko Gwanda, da ɗalibin Kwalejin Aikin Gona ta Audu Bako, da mai lambu a bakin dam ɗin Tomas, kowa ya shiga neman abin hawan da ba ya shan mai. Sai dai kasuwar da suka tarar ba irin ta iyayensu ba ce. A da zaɓin bai wuce Raleigh ko Phoenix ko Hero ba, kusan ƙira ɗaya, kayan gyara ɗaya, har Raleigh ma ya taɓa kafa masana'antarsa a Kano. Yanzu kuwa keke mai giya, mai kaurin taya, wanda masu shi suka ƙera don hawan dutse, shi ya cika rumfuna, kuma iri-irinsa sun fi a ƙirga.

Mai saye yakan tsaya ne tsakanin abu biyu. Ga tsohon yayi an yi masa rangwame, wani lokaci ma firam ne zalla ba wili ba giya. Ga kuma sabon yayi mai manyan ƙafafu da birkin faifai, fenti na ƙyalli, kuɗinsa ya kusa ninki biyu. Ra'ayina a nan ba ɓoyayye ba ne: shekarun firam ba su ne abin dubawa ba. Abin dubawa shi ne ko kayan da za su riƙe shi a kan hanya ana samunsu a rumfar mai gyaran da ke kusa da kai, ko kuwa sai ka shiga motar Kano, tafiyar kimanin kilomita 50, saboda ɗan ƙarfen da bai kai yatsa ba. A bisa wannan ma'auni, sau da yawa tsohon ne ke cin nasara. Amma ba kullum ba, kuma ba kowane tsoho ba.

Ka fara da gane wane irin tsufa ne a gabanka. Akwai keken da ya yi kwantai: sabo ne fil, ba a taɓa hawansa ba, kamfani ne ya fitar da wani samfurin ya bar shi a baya. Irin wannan firam ɗinsa lafiya lau yake, don ƙarfe ba ya tsufa a zaune matuƙar ruwa bai taɓa shi ba. Roba ce ke mutuwa: taya ta tsattsage, robar birki ta ƙandare, giris ya bushe a cikin boris. Amma ka tambayi kanka me ya sa ya kwana. Sau da yawa girmansa ne, ko ya yi wa yawancin mutane tsawo ko ya yi musu kaɗan, kuma babu rangwamen da zai gyara wannan. Ka haye shi, ƙafafunka biyu a ƙasa. In babu tazarar yatsu uku ko huɗu tsakaninka da sandar sama, ka sauka ka ba shi baya ko da kyauta ne. Akwai kuma na gwanjo, wanda ake ce wa ɗan Beljiyam ko ɗan Kwatano, an hau shi a wata ƙasa an gaji an loda a kwantena. Sai na hannu, wanda ya sha hanyoyinmu a nan gida. Waɗannan biyun su ne ke buƙatar ido.

Abin da ya raba tsohon yayi da sabo, a wajen mai zama a karkara, awo ne. Keken hawan dutse ya samo asali a Kalifoniya ta Amurka a shekarun 1970, kuma tun daga Stumpjumper na kamfanin Specialized a 1981 har kusan shekara 30, wili mai inci 26 shi ne sarki. Daga baya mai inci 29 ya shigo, sannan wajen 2013 mai inci 27.5 ya bazu, manyan kamfanoni suka juya wa 26 baya. Wannan juya bayan shi ya jawo arahar da kake gani. A Turai tsohon yayi ne, a nan kuwa shi ne wanda tayarsa da tiyub ɗinsa da rim ɗinsa suka fi sauƙin samu bayan na baƙin keke irin na Phoenix. Kafin ka biya kuɗin mai 27.5 ko 29, ka zaga rumfunan masu kayan keke ranar Lahadi da kasuwa ke ci, ka ce a nuna maka tayarsa a hannu. Kada ka yarda da "za mu kawo maka".

Wajen taya akwai tarko, don lambar inci tana yaudara. Ka duba gefen tayar, za ka ga wata lamba kamar 50-559. Ta ƙarshen ita ce faɗin da'irar rim a milimita, kuma ita ce gaskiyar magana. Mai 26 na hawan dutse 559 ne, mai 27.5 shi ne 584, mai 29 kuma 622. Baƙin keke irin na Phoenix, da aka rubuta wa 28 x 1½, nasa 635 ne, wato ya fi na 29 girma duk da lambarsa ta fi ƙanƙanta, don haka tayarsa ba za ta zauna a kan sabon yayi ba. Haka kekunan Japan masu kwando a gaba, da yawansu an rubuta musu 26 x 1⅜, amma nasu 590 ne. Mutum ya sayi taya "26" ya kai gida ta ƙi shiga, ya dawo yana faɗa da mai shago, alhali babu wanda ya cuce shi.

Sauran awon ma haka suke. Tsohon firam faɗin bayansa, inda wili ke shiga, milimita 135 ne, gaba kuma 100, ana ɗaurewa da noti ko da ɗan maɗaurin nan na hannu. Tun daga 2015 manyan kekuna suka koma 148 a baya da 110 a gaba, da wani kakkauran ƙarfe mai zare da ke ratsa cibiyar wilin, wanda kowane kamfani da irin zarensa. Ya ɓata, keke ya zauna. Wuyan tsohon firam miƙaƙƙe ne, kusan kowane fok na gwanjo mai inci ɗaya da ɗaya bisa takwas zai shiga, na sabon kuwa ƙasansa ya fi samansa faɗi. Gidan feda na tsohon mai zare ne, a kwance a wanke a sa giris a mayar. A wasu sababbin dannawa ake yi da na'ura, in ya fara ƙara sai haƙuri. Giya 21 ta tsohon yayi, wato faifai uku a gaba bakwai a baya, kacarta mai kauri ce mai jure ƙura, kuma ko'ina akwai ta. Mai faifai 12 a baya, wadda kamfanin SRAM ya fito da ita a 2016, kacarta siririya ce, mai tsada, yashi kuma ba ya raga mata.

Sai maganar ƙarfen kansa. Ka tafi kasuwa da ɗan maganaɗisu a aljihu, ko na tsohuwar sifika ya isa. In ya kama firam, baƙin ƙarfe ne. In ya zame, alminiyam ne ko kabon. Baƙin ƙarfe ya fi nauyi kuma yana tsatsa, amma in ya tsage mai waldan bakin tasha zai ɗinke shi ka ci gaba da harkarka. Wanda aka rubuta wa Cr-Mo ko 4130 a jiki shi ne na ƙwarai, ga ƙarfi ga rashin nauyi, in ka same shi a gwanjo kada ka yi wasa. Alminiyam ba ya tsatsa, ga sauƙin ɗauka, amma in ya tsage ya gama aiki. Ko an sami mai injin da zai liƙe shi, irin na 6061 sai an sake gasa shi a masana'anta kafin ƙarfinsa ya dawo, in ba haka ba gefen waldar ne zai sake buɗewa, kuma ba ya sallama kafin ya karye. Kabon kuwa a bar wa masu tsere.

Yanzu ga duba firam ɗin. Wanda ya taɓa sayen rago a kasuwar Ɗambatta ya san ba wankan da aka yi masa ake kallo ba, baki ake buɗewa a ga haƙori a shafa ƙashin baya. To haka nan. Ka je da rana tsaka, ka ɗauki mai gyaran da ka yarda da shi, ka ba shi ɗan abin shan ruwa, zai fi maka arha a kan duk wani rangwame. Dillali zai ce, "Malam, wannan fa ko sau goma ba a hau ba, dubi fenti." Ka ce masa, "Haka ne Alhaji, bari dai mu kifa shi." Ku kifa keken, sirdi a ƙasa, a goge laka da tsumma. Wuri na farko shi ne ƙarƙashin sandar ƙasa, daidai bayan wuya. Ka bi da yatsa a hankali. In ka ji ɗan tudu ko tamoji, ko ka ga fenti ya yi zane-zane a kwance, keken ya taɓa karo da gaba, firam ya tanƙware. Wannan ba na saye ba ne. Daga nan ka bi duk inda aka yi walda: kewayen gidan feda, inda sandar sirdi ke shiga, da bakin da wilin baya ke zama. Tsaga takan fito ne siririn baƙin layi, ka sa farce, in ya maƙale to ba ƙarzuwar fenti ba ce. Sitika da aka manna a kan gaɓa, ko sabon fenti a wuri ɗaya tak, su ma abin tambaya ne.

Ka kwance notin sirdi ka murɗa sandar. A tsofaffin kekuna takan manne da firam, musamman sandar alminiyam a cikin baƙin ƙarfe, har a rasa yadda za a yi da ita. In ta fito, ka leƙa ramin da fitilar waya. Ja-ja kaɗan ba komai, amma in ka girgiza firam ka ji ɓarɓashin tsatsa na zuba, ya ci daga ciki. Sannan a gwada miƙewarsa da zare: a ɗaura a bakin wilin baya na dama, a zagayo ta wuya, a dawo a ɗaura a na hagu. A auna tazarar zaren da sandar da ke ɗauke da sirdi ta kowane gefe. In bambancin ya wuce 'yan milimita, firam ya karkace, zai riƙa cin taya gefe ɗaya yana jan ka wajen kwata. In keken a haɗe yake, ka hau ka sassauta hannu a kan miƙaƙƙiyar hanya, mai lafiya ba ya fizga.

Akwai wani ɗan ƙarfe da mutane ba sa kulawa da shi, kunnen da giyar baya ke rataye a jiki. A firam ɗin baƙin ƙarfe haɗe yake da jiki, in ya lanƙwashe a miƙar. A na alminiyam ɗaura shi ake yi da kusa, an yi shi ne don ya karye a madadin firam, kuma siffofinsa sun kai ɗaruruwa, kowane samfuri da nasa. Keke ya faɗi ta dama sau ɗaya, ko a danne shi da buhu a saman motar kasuwa, kunnen ya tafi. Ka tambaya tun a wurin ko akwai irinsa.

In firam zalla ake tallata maka, ka zauna ka yi lissafi kafin araha ta ruɗe ka. Wili biyu, taya da tiyub, fok, kai, birki, feda, kaca, firiwil, sirdi, wayoyi, da ladan mai haɗawa: in ɗai-ɗai za ka saya, sau da yawa jimillar takan wuce kuɗin cikakken keken gwanjo. Firam zalla yana da riba ne ga mutum ɗaya, wanda ke da keken da firam ɗinsa ya karye amma sauran kayan na da rai. Shi ma sai ya zo da tsohon wilinsa da fok da sandar sirdi a gwada a gabansa, don kaurin sandar sirdi ma ba ɗaya ba ne, akwai 25.4 akwai 27.2 akwai 31.6, kuma cusa gwangwani a cike gibi shi ke tsaga bakin firam.

Kada a ce na zalunci sabon yayi, yana da wuraren da ya fi. Ƙasarmu jigawa ce, kuma duk wanda ya bi burtali da rani ya san inda yashi ke kama ƙafar keke har sai an sauka an tura. Babban wili mai faffaɗar taya, in aka rage masa iska kaɗan, yana bi ta kan yashin fiye da mai 26, kuma ya fi daɗin doguwar tafiya a kan burji mai gargada. Dogon mutum ma ya fi sakewa a kansa. Birkin faifai kuma yana kamawa cikin taɓon damina lokacin da na roba ke zamewa, ba ya kuma cinye rim yadda roba mai haɗe da yashi ke yi. Amma a zaɓi mai waya. Mai amfani da mai yana da daɗin hannu, sai dai ranar da ya yi yoyo za a rasa mai gyara, kuma na kamfanin Shimano man ma'adini yake sha: aka ɗura masa man birkin mota, robobin ciki su kumbura, birki ya mutu gaba ɗaya. Wanda ke shiga Kano duk mako, ba ya ɗaukar kaya, tafiyarsa kuma doguwa ce, misali daga gari zuwa Kazaure ko Makoɗa kullum, in ya sayi sabon yayi na kamfanin ƙwarai bai yi asara ba. Sauran abin da ake biya a sabon, wato dogon firam da fok mai kwantawa gaba da faffaɗan kai, an yi su ne don gangarowa daga kan tsauni a guje. Mu nan ina tsaunin? Faffaɗan kan nan ma sai an karkata shi kafin ya shige ƙofar zaure.

Wanda nake gargaɗi a kansa da babbar murya shi ne sabo na bogi: mai ƙaton sifirin a tsakiya, shokozoba gaba da baya, da sunan babban kamfani a sitika. Ga shi da nauyi, sifirin ɗin yana shanye ƙarfin ƙafarka, mahaɗar tsakiya takan fara girgiɗi tun ba a je ko'ina ba, kuma babu inda za a ɗaura kariya. Tsohon Giant ko Trek na gwanjo mai shekara 20, in firam ɗinsa lafiya, ya fi shi nesa ba kusa ba. Sayen nagari mai da kuɗi gida. Ko shokozobar gaba ta tsohon ta ƙame, ba abin damuwa ba ne, a cire a sa sandararren fok, an rage nauyi an rage abin lalacewa.

Maganar kariya ta kawo mu ga kaya, kuma a nan ne mutane da yawa ke sayen abin da ba nasu ba. Ka duba ko firam ɗin na da 'yan ramuka masu zare kusa da cibiyar wilin baya da kuma ƙarƙashin sirdi. Tsofaffin kusan duk suna da su, sababbi da yawa babu. Ko da akwai, yawancin kariyar da ake ɗaurawa da kusa an yi ta ne don kilo 25, wato jarkar ruwa ɗaya. Buhun taki kilo 50 ne, na gero ko dawa kuwa ya kusa ninkinsa. Wanda aikinsa kai taki gona ne, ko dakon ruwa, ko kawo albasa da tumatir daga fadama, to ya bar wannan muhawara gaba ɗaya ya nemi baƙin keke mai ƙarfafaffiyar kariya, a ƙara masa kaurin wayoyin wili. Kuma kada ka bari a yi masa waldar kariya a jikin firam ɗin alminiyam.

In an zo ciniki, ka riga ka lissafa gyaran da ke jiranka, shi ne makaminka. Kaca ana auna ta da ruler ɗin 'yan makaranta: daga tsakiyar ƙusa zuwa ƙusa ta 24 a gaba inci 12 ne cif a sabuwa. In ta zarce da ɗaya bisa takwas na inci, ta miƙe, kuma ta riga ta cinye haƙoran baya, su biyun za ka canja tare. Ka kama wili ka girgiza gefe da gefe, ka matse birkin gaba ka tura keken gaba da baya ka ji ko wuya na ƙwanƙwasa. Duk abin da ka samu ka faɗe shi a fili ka cire kuɗinsa daga tayinka. In an ce albarka, ka yi godiya ka taka, wata Lahadin na zuwa. In an sallama, kada ka tafi ba rasit mai ɗauke da lambar firam, wadda ake bugawa a ƙarƙashin gidan feda, da sunan mai sayarwa da shaida. Lambar da aka goge ko aka cike da walda alama ce ta kayan sata, kuma tun da keke ya yi daraja ɓarayinsa ma sun ƙaru.

Ko tsoho ka ɗauka ko sabo, kada ka wuce gida kai tsaye. Ka biya ta wajen mai gyara a buɗe cibiyoyin wili da wuya da gidan feda a cika su da giris, don na gwanjo a bushe suke zuwa, sababbi masu araha ma ɗan shafawa kawai ake yi musu. A ɗaure wayoyin wili, a sake dubawa bayan mako biyu. In tiyub ɗin mai siririn bawul ne, ka canja zuwa mai bawul irin na babur, wanda kowane mai faci ke da bakin famfonsa, ramin rim ɗin kawai za a ɗan buɗa. Saboda tsidau da ƙayar aduwa, a yanka tsohon tiyub a shimfiɗa tsakanin taya da sabon. Da hunturu kuma a rage wa kaca mai: ɗigo kaɗan, a juya feda, a goge na waje da tsumma, don baƙin man inji da ake kwarara mata shi ke tara ƙurar da ke cinye ta. In firam ɗin alminiyam ne kuma ka dace mai shagon na da kunnen giyarsa, ka sayi biyu a ranar.